Yadda na zaɓa wa Bitil ɗin mahaifina giyabos

Ranar da muka fara fita da motar bayan an gama haɗa sabon inji, ban kai Kura ba na san da sauran aiki. Injin lafiyarsa ƙalau, yana ja kamar ingarman da ya daɗe a turke. Amma da maleji ya taɓa 100 sai ƙarar da ke tasowa daga baya ta cika motar, har ƙanena da ke kujerar gefe sai ya ɗaga murya kafin in ji abin da yake faɗa. Sau biyu hannuna yana kaiwa kan sandar giya yana laluben ta biyar, alhali na san Bitil giya huɗu gare ta tun asali. A Kwanar Ɗangora muka juyo, kunnuwana suna amsa kuwwa.

Motar ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Ya saye ta sabuwa a 1978 da bashin mota irin na ma'aikatan wancan lokaci, mai injin cc 1300 ce, haɗin Legas. Manya za su tuna cewa a 1975 Volkswagen ta buɗe wurin haɗa motoci a Ojo, kan hanyar Badagry, shekarar da Peugeot ma ta fara nata a Kaduna. Kayan da ake haɗa Bitil ɗinmu da su daga Birazil suke zuwa, abin da ban ɗauke shi a bakin komai ba sai da neman giyabos ya kai ni inda ya kai ni. Bayan rasuwarsa motar ta yi shekara goma sha huɗu a ƙarƙashin rumfa, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Da na tashi raya ta, sai kwaɗayi ya shiga. Maimakon a mayar da injinta yadda yake, muka samo gidan inji na 1600, aka faɗaɗa ramukan, aka sa fistin mai faɗin milimita 90.5 a kan kiransha na asali mai tafiyar milimita 69, girman injin ya zama cc 1776. Muka ƙara kafireto biyu da gidan fanka irin na baya-baya, wanda na'urar sanyaya baƙin mai take zaune a ɗakinta daban. Duk wannan na yi shi ban taɓa tambayar kaina ko giyabos ɗin 1300 zai dace da sabon injin ba.

Makaniken da ke yi mini aikin tsoho ne, shi yake duba motar tun tana hannun mahaifina. Baba nake ce masa, shi kuma har yau ɗan Malam yake kirana duk da furfurar da ke gemuna. Da na kai masa kukana sai ya yi dariya.

"Ai na gaya maka ranar da ka kawo fistin ɗin nan, ba ka ji ba. Giyabos ɗinka takwas da talatin da biyar ne."

Ban gane ba, sai ya jawo wani tsohon faifan ƙarfe mai haƙora daga ƙarƙashin benci ya sa ni in ƙirga. A Bitil, giyabos da abin da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya duk a gida ɗaya suke, gaban inji kaɗan. A ciki akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora 8 da ke juya babban faifai, makanikai na ce musu finiyon da kiraun. Na 1300 faifansa haƙora 35 ne, wato sai ƙaramin ya juya sau 4.375 kafin taya ta juya sau ɗaya. Na 1500 da yawancin 1600 haƙora 33 ne, 4.125 ke nan. Akwai kuma mai haƙora 31, wato 3.875, wanda Jamusawa suka sa wa 1600 na wajen 1973, mutanen Birazil kuma suka sa wa wata motarsu ta 'yan gayu mai suna SP2. Kamfanin ya ba ƙaramin inji giya gajera ne, wato mai babbar lamba da ke sa inji juyawa da yawa, don ya iya ɗaukar kansa da mutum biyar da buhun masara. Ni kuwa na ƙara wa injin kusan rabin lita, na bar shi yana gudu da gajerun ƙafafu.

Daren ranar na kwana kan waya ina kallon bidiyon masu irin wannan mota a Amurka, kuma kafin asuba na riga na yanke hukunci. Akwai wani haɗi da suke yi don manyan titunansu: kiraun mai 3.875, a kuma cire giya ta huɗu ta asali mai lamba 0.89 a sa mai 0.82, wadda ta fi ta rage juyin inji. Mota na sheƙa gudu, inji na numfashi a hankali, mutum na jin rediyo. Da safe na je gareji da hoton a waya, na ce Baba, wannan nake so.

Bai ko karɓi wayar ba. Ya ce a turo motar kan siminti, ya ɗauko alli ya ja layi a jikin tayar baya da ƙasa, muka tura har layin ya zagayo ya sake taɓa ƙasa, ya sake ja. Aka auna da tef ɗin kafinta: mita 1 da santimita 95. Tayoyin 195/65 ne masu wili 15, don siririyar taya irin ta asali wahalar samu take yi yanzu a Kano, wadda ka samu kuma sau da yawa ta tsufa a shago.

"Kai ne ɗan boko," ya ce, "yi mana lissafi."

Lissafin ba wuya. Gudun kilomita 100 a awa, mita 1,667 ne a minti. In ka raba da 1.95, taya tana juyawa kamar sau 855 a minti. Sai ka ninka da kiraun, ka ninka da giya ta huɗu, ka sami juyin inji. Na rubuta a bayan kwalin filogi. Giyabos ɗin da ke jikin motar ya ba ni wajen 3,330. Mai 4.125 da giya ta huɗu ta asali, 3,140. Mai 3.875 da 0.89, 2,950. Wanda raina ke so kuwa, 2,720. Na nuna masa na ƙarshen ina murmushi, ga shi nan an rage juyi sama da 600.

Ya buɗe murfin inji ya ɗora yatsa kan fambel. "Wannan wa ke juya shi?"

Na ce inji.

"To shi kuma me yake juyawa?"

A nan na yi shiru, don na ga inda ya dosa. Bitil ba ta da lagireto, ba ta da ruwa. Abin da ke hana ta ƙonewa fanka ce guda ɗaya da ke bayan janareto, fambel ke juya ta daga kiransha, tana gudu kusan ninki biyu na injin, tana tura iska kan silinda da kawunansu. Babu wata na'ura da za ta ƙara mata gudu in zafi ya yi yawa. In ka rage juyin inji ka rage iskar. Mota kuwa tana gudun 100 ɗin nan dai, nauyinta bai ragu ba, iskar da take tsagawa ba ta ragu ba, aikin da injin ke yi yana nan yadda yake. Sai dai yanzu yana yinsa da totur a buɗe sosai, fanka kuma ta rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na gudunta. Ka haɗa wannan da watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma iskar da fankar ke zuƙa daga saman kwalta ita kanta kamar daga tanda take fitowa. Ka ƙara da fetur ɗin da wani lokaci ba ka san me aka sayar maka ba, wanda in inji ya yi zafi yana ja da ƙyar sai ka ji yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

"Silinda ta uku ce ke fara mutuwa," in ji Baba. "Na cire bawul ɗin da ya tsinke a cikinta ya fi a ƙirga. Waɗancan na cikin wayarka, ka tambaye su ko sun taɓa hawa Jos da azahar da mutum huɗu a mota."

In za a yi adalci, masu wancan haɗin ba wawaye ba ne. Wanda injinsa ya kai lita biyu ko fiye, mai ƙarfin ja tun daga ƙasa, yana iya ɗaukar doguwar giya ba tare da ya wahala ba, kuma akwai masu 1776 da ke amfani da ita suna cewa lafiya lau. Na yi kwanaki ina neman hujjar da zan kare ra'ayina da ita. Abin da ya karya mini gwiwa a ƙarshe wani lissafi ne daban, tazarar da ke tsakanin giya ta uku da ta huɗu. Ta ukun 1.32 ce. In na ja ta har juyi 4,000 na sa ta huɗu mai 0.89, injin zai faɗo wajen 2,700, inda yake da sauran ƙarfi. In 0.82 ce zai faɗo ƙasa da 2,500. Kafireto biyu da irin kam ɗin da muka sa, wato sandar da ke buɗe bawul, ba sa jin daɗin wurin nan. Na hango kaina a bayan tirela a hanyar Zariya, gudun 75, ta uku tana ihu, ta huɗu tana nishi, babu wadda ta dace. Mafi yawan tuƙinmu kuwa a nan yake, tsakanin 60 da 90, ana kauce wa rami ana jiran a sami sararin wucewa. Titin da za ka kafa ƙafa a 110 na awa guda ba ka ɗaga ba, ni dai ban san inda yake ba a hanyoyin da nake bi, dokar hanya ma 100 ta ba ƙananan motoci a babban titi.

Sauran shawarwarin da aka yi ta kawo mini ba su daɗe ba. Wani abokina ya ce in sa giyabos na Kombi, bas ɗin nan ta Volkswagen, ai ya fi ƙarfi. Gaskiya ne ya fi ƙarfi, shi ya sa masu motocin tsere a rairayi ke sonsa, amma an yi shi ne don ɗaukar kaya. Na farkon shekarun 1970 kiraun ɗinsa 5.375 ne, na ƙarshensu mai injin lita biyu 4.571, duk sun fi nawa gajarta, ga kuma mazauninsa daban. Tsofaffin Kombi kuwa, masu ƙaramin akwatin giya a gindin kowace tayar baya, nasu abin dariya ne. Waɗannan akwatuna suna juya tafiyar, saboda haka an kifa kiraun ɗin ta ɗaya gefen. Baba ya ce akwai yaron da ya taɓa ɗaura irinsa a Bitil ya cire akwatunan, aka tayar da mota, sai ga ribas huɗu da giyar gaba ɗaya. Ya ce da baya-baya suka fita daga garejin, unguwa na ta dariya.

Giya biyar ma na yi mafarkinta. Akwai haɗin da kamfanin Gene Berg na Kalifoniya ya yi suna da shi, wanda ke ƙara ta biyar a cikin giyabos ɗin Bitil. Akwai masu ɗauko na tsohuwar Porsche 911, akwai masu gyara na Subaru su juya masa tafiya. Da na haɗa kuɗin kowanne da dala, na ƙara na jirgi da na kwastan, sai na ga ya haura abin da na kashe wa motar gaba ɗaya. Maiɗakina ta leƙo takardar ta ce, "Wannan giya ce ko fili?" Ban sake tayar da zancen ba.

Sai batun ƙafafun baya. Giyabos ɗin Bitil iri biyu ne. Akwai tsohon tsari, wanda aksul ke cikin bututu yana lilo daga jikin giyabos, shi ne a duk Bitil ɗin da na taɓa gani haɗin Legas. Akwai kuma sabon tsari mai gaɓa biyu a kowane aksul, irin na Bitil samfurin 1302 da 1303, wanda ya fi zama daram a kwana. Yawancin giyabos masu 3.875 da suka fito daga Jamus na sabon tsarin ne. Kafin in sa irinsa sai an yi wa shasi walda an ɗora mazaunin hannuwa, an canza hannuwan da farantan da ke riƙe su, an nemo aksul da gaɓoɓinsa. Ba na son wuta ta taɓa shasin motar mahaifina. Hanya ɗaya da ta rage ta samun 3.875 ita ce in yi odar kiraun da finiyon sabbi a sa a tsohon gida, sai Baba ya gaya mini gaskiya: daidaita zurfin finiyon da tazarar haƙora aiki ne na kayan awo na musamman, nasa sun ɓace tun wata ambaliya, kuma in aka kuskure da kaurin takarda giyabos zai yi ta kuka har ya cinye kansa. Na ji daɗin wannan magana. Makaniken da zai ce maka ba zai iya abu ba, ka riƙe shi da kyau.

Saura 4.125, a samo shi cikakke, kiraun da finiyon suna zaune a gidansu yadda kamfani ya daidaita su. A nan Birazil ta dawo cikin labarin. Motar da muka sani da Igala, wadda ita ma aka haɗa a Legas, ita ce Brasília ta can, injin 1600 gare ta, ƙafafun baya irin na Bitil ɗina, giyabos ɗinta takwas da talatin da uku.

Neman ya ci wata biyu. Na zaga Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa, yaran da ke wurin wasunsu ba a haife su ba lokacin da aka daina ganin Igala a titi, sai su nuna mini na Golf. Na aika Panteka a Kaduna, na sa a tambaya mini a Ladipo ta Legas. Yawancin waɗannan motoci 'yan gwangwan sun riga sun sare su, gidan giyabos ɗin kuma ƙarfe ne marar nauyi da ake saye da kilo, shi ke fara tafiya.

Na farko da aka kira ni in gani yana wani gareji a bayan gari. Mai shi ya rantse daga 1600 aka cire shi. Akwai haruffa da ake bugawa a gefen gidan da ke nuna irinsa, amma bayan shekara arba'in da hannun makanikai goma, haruffa ba sa gaya maka abin da ke ciki. Baba ya zo da tsohon faifan kuloci a leda. Ya zura shi kan sandar da ke shiga inji, ya yi masa alama da alli, ya sa giya ta ɗaya, ya ce wani yaro ya danne aksul ɗaya kada ya motsa. In an riƙe ɗaya, ɗayan yana juyawa ninki biyu, saboda haka juyi biyu na aksul shi ne juyi ɗaya na kiraun. Giya ta ɗaya 3.80 ce. In 4.375 ne faifan kuloci zai zagaya sau 16 da rabi da ɗoriya, in 4.125 ne sau 15 da kashi biyu cikin uku, in 3.875 ne 15 saura kwata. Ina juyawa ina ƙirgawa da ƙarfi, mai kayan na tsaye yana kallo. Sha biyar ta wuce, sha shida ta wuce, alamar aksul ba ta iso ba sai da na ƙara rabi da ɗan wani abu. Irin nawa ne sak. Mutumin ya ce wallahi shi ma haka aka gaya masa, kuma na yarda da shi. Muka ba yaron na goro muka tafi.

Na biyun wani tsohon yaron Baba ne ya gano shi a wani ƙauye kusa da Zariya, Igala ce a bayan gida, ta nutse a ƙasa har rabin wili, injin an daɗe da cirewa, awaki sun mai da ita ɗaki. Muka haƙa, muka ɗaga gefe ɗaya da jak, ɗaya tayar tana ƙasa ta riƙe kanta. Baba ya shige ramin inji da faifansa da allinsa, ni ina kallon tayar. Goma sha biyar, da kashi biyu cikin uku. Ya sake, haka. Ya duba cewa giyar gaba gaba take juya tayar, saboda labarin yaron nan mai ribas huɗu. Sannan ya kwance notin zubar da mai, wanda ke da maganaɗisu a cikinsa, ya shafa a tafin hannu ya miƙo mini. Baƙin gari ne mai laushi kamar kwalli, babu ɓarɓashin haƙori ko ɗaya. Man ya yi kauri ya yi wari, amma ruwa bai shiga ba. Dattijon mai gidan ya ƙi yin ciniki sai da muka ci tuwo, kuma da muka zo tafiya ya ce in motar ta tashi in kawo ta ya gani, don ya yi shekaru yana jigila tsakanin Zariya da Funtuwa da tasa.

Da aka buɗe shi a gareji, zoben tagulla da ke sa giya ta biyu shiga da laushi ya cinye, wanda kusan haka yake a kowace tsohuwar Bitil, boris ɗin babbar sanda kuma yana ɗan ƙara. Muka yi odar zobba huɗu, boris, sil da gaskit. Abin mamaki, samun waɗannan ya fi samun giyabos ɗin sauƙi nesa ba kusa ba. An ƙera Bitil fiye da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito daga Puebla ta Meziko a watan Yulin 2003, kuma har yau ana yi mata kayan gyara sabbi. Mako bakwai muka jira.

Abu ɗaya muka ƙara wanda kamfani bai yi ba. A giya ta uku da ta huɗu, ɓangaren da zoben ke kamawa matse shi kawai aka yi a jikin giyar, kuma in inji ya fi na asali ƙarfi yana iya sulɓewa, ka sa giya ka saki kuloci mota ta ƙi tafiya. Aka kai wa mai walda ya ɗiɗɗiga musu wuta. Akwai sauran kayan ƙarfafawa da ake sayarwa, murfin gefe mai kauri da gidan raba juyi mai ƙananan giya huɗu maimakon biyu, amma waɗannan na masu fizgar mota ne daga tsaye har taya ta yi hayaƙi. Ni ɗaurin aure nake zuwa da ita.

Ranar haɗawa na ga abin da ya sa Baba ya ce wannan ɓangaren zai iya. Ya jawo wani tsohon gidan giyabos da aka yanke wa gefe kamar taga, ya ce tun zamanin Shagari yake amfani da shi. A ciki yake jera sandunan giya ya daidaita cokulan da ke tura su yana gani da idonsa, ya sa wannan giya ya cire, ya ɗan sassauta noti ya matsar da cokali kamar kaurin farce, ya sake gwadawa. Ya fi awa biyu a kan wannan kaɗai, bai yi wa kowa magana ba, rediyonsa ma ya kashe. Bututun aksul da sandunansu kuwa na motata muka mayar, don birki da wili su zauna yadda suke. Su ma da gaskit na takarda ake daidaita su, a ƙara ɗaya a rage ɗaya, har bututun ya riƙa lilo ba tare da ya yi sako-sako ko ya cije ba.

Sai kuskuren da ya ci mana yini guda, kuma nawa ne. Boris ɗin da ke danna kuloci iri biyu ne a waɗannan motoci: tsohon yayi, wanda ke tafiya da farantin kuloci mai zobe a tsakiya, da na baya wanda ke zamewa kan wani ɗan bututu, shi kuma farantinsa ba zobe. Ni na sayo sabon faranti tun lokacin haɗa inji, daidai da tsohon giyabos. Wannan da muka kawo ɗaya irin ne, kuma Baba ya tafi jana'iza ranar, ni da yaransa muka ɗora inji muna ta murna. Na taka kuloci na ji ƙafata ta tsaya a inda bai kamata ba, giya ta ƙi shiga. Da ya dawo bai ce komai ba, ya leƙa, ya ce a sauke. Sa'ar da aka yi injin Bitil kusoshi huɗu ne ke riƙe shi. Aka canza farantin washegari. Muka sa sabbin robobin mazaunin giyabos, da 'yar robar da sandar giya ke bi ta cikinta a ƙarƙashin bene, wadda ita ce ashe take sa sandar rawa tun ina yaro. Aka zuba man giya mai lamba 90, irin GL-4 da ake so saboda zobban tagulla, har ya fara dawowa ta ramin gefe. Notin aksul na baya, mai sufana 36, sai da aka sa wa sufanar dogon bututu wani ƙato ya hau kai, sannan aka sa masa fil.

Mun fita gwaji ranar wata Asabar a ƙarshen Maris, da gangan da rana tsaka. Baba na gefe, ƙanena da ɗansa a baya. Maleji bai canza ba, don na Bitil daga tayar gaba ta hagu yake karatu, ba ruwansa da giyabos. A 100 agogon juyin inji da na ɗaura ya tsaya kaɗan sama da 3,100, kamar yadda kwalin filogi ya faɗa. Juyi 190 kacal aka rage, bayan wata huɗu da tafiya ƙauye da haƙa rami. Ƙarar tana nan, sai dai ta sauka daga ihu ta koma gurnani, muna hira ba tare da ɗaga murya ba. Giya ta ɗaya ta daina ƙarewa kafin in tsallake mahaɗa. A bayan wata tirela kusa da Tashar Yari na sauko ta uku a 70, na taka, motar ta wuce kafin in gama addu'a, na mayar ta huɗu ta karɓa ba tare da nishi ba.

A Zariya muka tsaya, Baba ya fita ya buɗe murfin baya, ya zaro sandar awon baƙin mai ya riƙe ta da yatsu biyu. Gwajinsu ke nan na da: in ka iya riƙewa, inji lafiya, in ka yar, to ka nemi inuwa. Ya riƙe yana kallona har na ƙirga goma a zuci, sannan ya goge ta a gefen rigarsa ya mayar.

Daga nan muka karkata ƙauyen dattijon nan. Ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce a ba shi makulli. Ya kai ta bakin kasuwa ya dawo, yara na bin sa a guje, ya fito yana cewa giya ta biyu ta fi yadda ya san ta laushi.

Har yanzu in na ga hoton 3.875 a waya raina yana ɗan motsawa, musamman cikin hunturu da iska ke da sanyi kuma injin ke jin kamar zai iya ɗaukar fiye da haka. Tsohon giyabos na 1300 yana garejin Baba a kan katako, an toshe ramukansa da tsumma, na rubuta 8 da 35 a jikinsa da farin fenti. Ya ce in bar masa, akwai wani malamin makaranta a Gwarzo da ke raya tasa 1300, ribas ɗinta na fita da kanta.